Masu karɓar gudummawar burtsatse sun yi sanyi, ina mafita?

Ciyaman: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a dakata da turo hotunan barka da Juma'a na ɗan lokaci, kada maganar nan ta nutse. Kowa ya san inda aka kwana a kan burtsatsen unguwa. Da aka fara bayan ƙaramar sallah, matasa da iyayenmu mata sun fito ƙwansu da kwarkwata, layi-layi, gida-gida. Yanzu in an kira fita, 'yan tsiraru ake gani, su ma sai an bi su da waya. Abin da ke hannu zai isa haƙa, amma bai kai ga sola da tanki ba. Me ya kashe wa masu karɓo mana kuɗin gwiwa, kuma yaya za a yi su dawo? Kowa ya faɗi gaskiyarsa.

Alhaji na Kwari: Wa'alaikumus salam. Ciyaman, yaran zamani ne kawai, ba su da juriya. Mu da muka gina masallacin unguwar nan bulo ɗai-ɗai, wa ya lallashe mu? A tara su bayan isha'i Malam ya yi musu nasiha, shi ke nan.

Ɗan Sahu: Allah ya ƙara girma Alhaji. Nasiha muna so, kullum ma. Amma bari in faɗi abin da su abokaina ke jin nauyin faɗa. Duk yammar da na ɗauki littafin rasit, na ajiye aiki ke nan, kuma mai babur ɗin da nake haya da shi ba ruwansa da burtsatse, da daddare balas ɗinsa yake jira. Man da nake zagayen da shi daga aljihuna yake fita. Kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Wannan ma da sauƙi. Akwai gidan da aka ajiye mu a ƙofa tun bayan la'asar, muna jin muryar maigidan a ciki yana waya, sai da aka kira magariba aka turo yaro wai ba ya nan. Wani kuma tun daga nesa ya ce, ga 'yan cin kuɗin jama'a nan sun zo. A gaban mutane ya faɗa. Na dawo na ba da labari a nan zauren, wallahi ko sannu ba wanda ya ce min. Saƙon da ya biyo bayan nawa, godiya ce ga wanda ya turo dubu hamsin.

Auta: Haka aka yi. Ina wurin.

Maman Biyu: Ni tawa matsalar ba ta mai ba ce, da ƙafa nake yawo. Mu mata mu ke shiga har tsakar gida. Akwai tsohuwar da ke sayar da ƙuli a ƙarshen layinmu, ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo min naira 200, duk tsofaffin hamsin-hamsin, ta ce a sa mata albarka ko ta huta da sayen jarka wurin 'yan garuwa. Tun daga ranar, duk inda ta gan ni, gidan suna ko gidan rasuwa, sai ta ce, 'yar nan ina ruwan? Me zan ce mata? Ni kaina ban san nawa aka tara ba, ban san ranar da za a fara ba. Yanzu har canza hanya nake yi. Mutanen nan ba su san Ciyaman ba, ba su san Ma'aji ba, ni suka miƙa wa kuɗinsu. To da wace fuska zan koma in ce a ƙara?

Ma'aji: Maman Biyu, a yi min adalci. Kobo ɗaya bai yi ciwon kai ba. Littafi yana wurina, takardar banki tana wurina, duk mai son gani ƙofata a buɗe take.

Malama: Ba wanda ya zarge ka, Ma'aji. Amma wa ka taɓa gani ya tashi takanas ya je gidan mutum ya ce fito min da littafi in duba? Yin hakan ma kamar tuhuma ne, shi ya sa ba mai yi. Lissafi shi ya kamata ya riƙa zuwa wurinmu. Duk Juma'a layi uku sun isa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage a cimma. Mai karɓa in yana da wannan a wayarsa, ko an ce masa ɓarawo zai buɗe ya nuna.

Ma'aji: Ba na ƙi. Sai dai masu turowa ta waya su riƙa rubuta suna, don alat kan shigo ba a san na wa ba ne. Kuma akwai ɗan abin da banki ke cira, kada a ga lissafi ya ɗan bambanta a ce wani abu.

Injiniya: Ni a ganina lissafi kaɗai ba zai amsa tambayar tsohuwar nan ba. Ruwa ta tambaya. Tunda kuɗin haƙa ya samu, a haƙa. Dalilina biyu ne. Kayan sola da injin tura ruwa daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi, kuma kowa ya ga yadda naira ta yi tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Kuɗin da ke kwance a asusu raguwa yake yi muna kallo. Na biyu, ranar da motar haƙa ta shigo unguwa, yara suka kewaye ta, laka ta fara tsartuwa, ranar kowa zai yarda da gaske ake. Na sha gani a wuraren aiki, mutumin da ya ƙi ba da komai wata da watanni, shi ne zai zo ya tsaya kan masu haƙa yana tambayar nawa ya rage.

Alhaji na Kwari: In aka haƙa aka toshe bakin ramin ana jiran kuɗin sola fa? Sai ya zama irin na 'yan siyasa da suka cika gari, ga allo ga suna, babu ruwa. Wannan ya fi zama abin kunya.

Injiniya: Gaskiya ne Alhaji, shi ya sa ba za a toshe ba. A ɗora famfon tuƙa-tuƙa na wucin gadi, mutane su fara ɗiba. Amma ina gargaɗi, ƙasar Kano yawancinta dutse ne a ƙasa, ba ko'ina aka huda ake samun ruwa mai yawa ba. Sai an kawo masu gwajin ƙasa sun nuna wurin tukuna. Kada a ce dole sai ƙofar gidan wane don shi ya fi ba da kuɗi. In aka haƙa busasshen rami, to kwamitin nan ya mutu murus.

Auta: Ni kuma shawarata a fito fili a riƙa ba masu karɓa wani abu. Ko kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ya kawo. Za ku ga aiki.

Alhaji na Kwari: A'uzu billahi. Aikin Allah ne za a mai da shi kamasho? To ni daga ranar na janye hannuna.

Ciyaman: A yi haƙuri Alhaji. Allah ya gafarta Malam, muna jiran ta bakinka.

Na'ibin Liman: Bismillah. Biyan mai tattara dukiyar taimako ba baƙon abu ba ne a addini. A Suratut Tauba aya ta 60, cikin mutum takwas da ake ba zakka, Allah ya ambaci masu aiki a kanta. Wato Shari'a ta san mai yawon karɓa yana da ciki, yana da iyali. Amma a lura, wancan zakka ce, kuma shugaba ne ke naɗa ma'aikacin. Namu sadaka ce da mutane suka bayar da sunan rijiya. Wanda ya ba da dubu ɗaya a kan rijiya, ba ka da ikon yanke ɗari ka ba wani ba da saninsa ba. In za a cire, sai an sanar tun kafin a karɓa. Sannan ku tuna hadisin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Bukhari, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hau mimbari ya ce me ya sa bai zauna a gidan iyayensa ya gani ko za a kawo masa kyautar ba. Don haka mai karɓa ba ya yanka wa kansa, kwamiti ne ke yanka masa a bayyane.

Malama: Ko da ya halatta, ni ban goyi bayan kaso ba. Da zarar an ce kashi goma, ba wanda zai sake shiga gidan mai ƙuli. Kowa gidan Alhazai zai nufa, kuma gobe za ku ji ana rigima a kan wa ya fara gano wane. Abin da Ɗan Sahu ya faɗa a kula da shi: bai ce a biya shi ba, cewa ya yi yana asara. A tsayar da asarar. Kuɗin mai da na kati, daidai wa daida ga duk wanda ya fita, ko ya kawo dubu ɗari ko ya dawo hannu rabbana. Kuma kada a taɓa kuɗin rijiya, mu 'yan kwamiti mu yi karo-karon wata mu ɗauki wannan.

Ɗan Sahu: Anti Malama ta gama magana. Ko lita biyu aka zuba min, wallahi ya ishe ni.

Alhaji na Kwari: In daga aljihunmu ne, ban da ja. A sa ni a ciki. Amma har yanzu ina cewa mai yi don Allah ba ya jiran lita.

Maman Biyu: Alhaji, ranka ya daɗe, don Allah yake yi shi ya sa ya kai yanzu. Mai babur ɗin ne ba don Allah ya ba shi ba.

Auta: 😂😂 To tunda an kashe maganar kaso, a yi gasa. Duk mako a jero sunaye, wanda ya fi kawo kuɗi a sama. Matasa na son a ga sunansu.

Maman Biyu: Wanda aka ba layin bakin titi, inda gidajen sama suke, shi zai riƙa zuwa na ɗaya har a gama. Ni da aka ba lungun bayan makabarta fa? In shiga gida talatin in fito da abin da bai kai na gida ɗaya a can ba, sannan a kafa sunana a ƙasa kowa ya gani? Mijina ma sai ya ce in zauna.

Na'ibin Liman: Gasa a aikin alheri tana da asali. Sayyidina Umar da kansa ya ba da labarin ranar da ya kawo rabin dukiyarsa yana fatan ya wuce Sayyidina Abubakar, sai Abubakar ya kawo tasa gaba ɗaya. Amma a wannan surar ta Tauba, aya ta 79, an zargi masu yi wa waɗanda ba su da abin bayarwa sai ɗan ƙoƙarinsu izgili. Jerin da zai sa a raina mai kaɗan, ina jin tsoronsa.

Malama: In dole sai an ƙirga, a ƙirga ƙofofin da mutum ya ƙwanƙwasa. Wannan a hannunsa yake. Abin da za a ba shi kuwa ba a hannunsa yake ba.

Auta: Ai sai mutum ya zauna a shagon mai shayi ya rubuto gida arba'in.

Malama: Shi ya sa bibbiyu za a riƙa fita. Da ma bai kamata a tura mutum shi kaɗai ba. Wulaƙancin da aka yi wa mutum biyu, kafin su kai ƙarshen layi sun mai da shi abin dariya. Wanda aka yi wa shi kaɗai, da shi zai kwana.

Na Jidda: Salam jama'a, yanzu na tashi daga aiki, na karanta duka. Ina so in ƙara abu ɗaya. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, mu nan cikin 'yan kwanaki muka haɗa abin da ya ba mu mamaki, ba wanda aka roƙa sau biyu. Kowa ya ga bidiyon mutane cikin ruwa har ƙirji. Masu karɓa ma ba su gaji ba, don abin na ɗan lokaci ne kuma zuciya a tashe take. Rashin ruwan unguwarmu ba shi da irin wannan bidiyon, wahala ce ta kullum da aka saba da ita. Kuskure ne mu ɗauka zafin makon farko zai kai mu wata shida. Yaran nan an ce musu ku fito, ba a ce musu sai yaushe ba.

Hajiya Babba: Jikata ce ke rubuta min. 'Ya'yana sannunku da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Na Jidda ya faɗi gaskiya. Mu a ƙauye muka tashi, mun san gayya. Mai gayya yakan faɗi rana, ya faɗi gonar. Da hantsi an kai fura ko kunu bakin gona, makaɗi na bin bayan manoma yana kiran sunan kowa da na ubansa, har wanda ya fi kowa rauni sai an wasa shi. Kafin la'asar an gama an watse, kowa ya koma tasa gonar. Ban taɓa jin an kira gayyar da ba ta da ranar tashi ba. Ku kun kira yara, ba fura, ba kirari, ba ranar gamawa. Sannan ina da ƙorafi. Yaron nan mai gyaran waya da ya fi kowa zirga-zirga da farko, matarsa ta haihu watan jiya, an yi mata aiki. Cikinku wa ya je barka? Ni na je. Ya ce min kiran da ya samu daga kwamiti ɗaya ne, na tambayar ina littafin rasit.

Ciyaman: Innalillahi. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Gobe bayan azahar ni da Malam za mu je.

Ma'aji: Ni na kira shi, ban san da haihuwar ba.

Hajiya Babba: Ai shi ne abin da nake faɗa.

Alhaji na Kwari: To duk na ji. Amma maimakon wannan tsinta-tsinta ta ɗari biyu-biyu, me zai hana mu yi ƙaddamarwa guda ɗaya? A kafa rumfa, a gayyato ɗan majalisa da shugaban ƙaramar hukuma da manyan 'yan kasuwa. Rana ɗaya an wuce wurin, yara sun huta.

Tsohon Sakatare: Alhaji, a nan kam zan saɓa maka, don na riƙe takardar irin wannan taron a wata ƙungiya. Ana kiran miliyoyi a lasifika, ana tafi, ana kabbara. Abin da ya shigo hannu a ranar da ƙyar ya biya rumfa da kujeru da lemo. Sauran duk alƙawari ne. Kuma ka san wa ake tura wa bin alƙawarin? Waɗannan yaran dai. Yaro zai je ofis, maigadi ya tsare shi, ya kira waya ba a ɗauka, ya koma a ce oga ya tafi Abuja. Babu aikin da ke karya zuciyar mai karɓa kamar bin bashin alƙawarin babban mutum. Ga kuma wata illa: mutanen unguwa sun ji an ambaci miliyoyi da kunnensu, daga ranar ba wanda zai ƙara ba ka ko sisi, za su ce ai kun samu. In kuɗin bai fito ba, ku kuka cinye. Sannan masu karɓar nan ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Ka ɗora hular wani ɗan siyasa a kan tankin, rabinsu sun tafi.

Alhaji na Kwari: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai masu cikawa.

Tsohon Sakatare: Akwai. To waɗannan ba sa buƙatar rumfa. Kai da ka san su, ka ɗauki Ciyaman ku same su a gida ko a shago, ku nuna musu hoton ramin da aka haƙa, ku ce tanki muke nema, ga kuɗinsa. Babba shi ke zuwa wurin babba. A bar wa yara layukan da ake buɗe musu ƙofa.

Injiniya: Wannan ya yi. Kuma a daina cewa muna neman kuɗin burtsatse dunƙule, adadin yana tsorata mai bayarwa da mai karɓa. A ce wannan zagayen na tanki ne, mako uku. An saya, an ɗauki hoto, an huta mako biyu. Sai zagayen faifan sola, shi ma ana iya cewa layi kaza ku ɗauki faifai ɗaya.

Na'ibin Liman: Ya dace da hadisin Nana A'isha, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ni kuma nasihar da Alhaji ya nema zan yi ta, amma ba ga yaran ba. Bayan sallar asuba zan tunatar da masu gida cewa wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa a kan ruwan da iyalinka za su sha ba almajirinka ba ne. In ba ka da shi, ka sallame shi da kyakkyawar magana. Kuma zan riƙa ambaton masu karɓa a addu'a kamar yadda ake ambaton masu bayarwa.

Auta: Da sunayenmu, Malam?

Na'ibin Liman: A jimlace.

Auta: Kash. To maganar jerin fa, an yarda ko ba a yarda ba?

Maman Biyu: Ban yarda ba.

Ɗan Sahu: Ni in na ƙofofi ne, ina so.

Ciyaman: A bar wannan sai an haɗu ido da ido, na ga ba za ta ƙare a waya ba. Injiniya, ka nemo mana masu gwajin ƙasa ka faɗa mana kuɗinsu kafin Laraba. Ma'aji, lissafin farko yau da daddare. Zama ranar Asabar a ƙofar gidan Hajiya Babba, in ta amince. Waɗanda suka yi shiru kada a kira sunansu a nan, kowa ya ɗauki wanda ya fi kusa da shi ya same shi a keɓe.

Hajiya Babba: Na amince. Zan sa a dama kunun gyaɗa. Alhaji, sukari da ƙosai a wuyanka.

Alhaji na Kwari: An gama, Hajiya. Amma batun ƙaddamarwa ban janye ba, zan sake tayar da shi.

Ɗan Sahu: Ciyaman, Asabar ina da ɗaukar 'yan Islamiyya har ƙarfe sha biyu. In da hali a sa zaman bayan la'asar.